Kafin ka tambayi Core nawa, fita da ita rana

A 'yan shekarun nan sayen laftof a Yelwa da Wara da Shanga ya koma karatun lambobi. Ɗalibi ko mai shagon buga takardu zai tura saƙo ta WhatsApp ga wani dillali a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, tambayoyinsa uku: Core nawa ce, RAM nawa, SSD ce ko hadis. A turo hoto, a tura kuɗi, a sa ta a mota, ya je tasha ya karɓa. Sikirin kuwa tambaya ɗaya ake yi a kansa, wato ko ya fashe. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma abin mamaki ne ganinsa a ƙasar da ba a sayen kifi sai an ɗaga kunnensa, ba a biyan kuɗin buhun albasa sai an ga ta ƙasa. A ganina sikirin ya kamata a fara dubawa, da ido, cikin irin hasken da za a yi aiki da shi.

Lambobin nan ba sa faɗin abin da ido zai gani. Laftof biyu masu suna ɗaya da inji ɗaya sukan fito daga kamfani da sikirin daban. ThinkPad T470 ta Lenovo, wadda ta fito a 2017 kuma ta cika kasuwar tokumbo, an yi ta da sikirin mai ɗigo 1366 sau 768, an kuma yi ta da mai 1920 sau 1080. Na farko ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ne, na biyu ya haura miliyan biyu. Haka abin yake a EliteBook na HP da Latitude na Dell da yawa. Bayan yawan ɗigo akwai irin gilashin kansa. Mai araha, wanda ake kira TN, sai ka zauna daidai gabansa. Ka ɗan jawo murfin gaba, baƙi ya koma toka, fuskar mutum ta yi kamar an barbaɗa mata gari. Ka kwantar da shi baya, komai ya yi duhu. Wanda ake kira IPS yana riƙe launinsa ko daga gefe kake leƙe. A nan kuma ba mutum ɗaya ke kallon laftof ba. Mai shago yana cike fom ɗin JAMB, yaro na tsaye a kafaɗarsa yana duba ko an rubuta sunansa daidai, uban na zaune a benci yana miƙa wuya. Su uku suke kallo, amma a kan TN ɗaya ne kawai yake gani da kyau.

Sai haske, wanda shi ne babban batu a bakin tafkin Kainji. Ana auna shi da nit, kuma yawancin laftof ɗin ofis masu sauƙin kuɗi tsakanin 220 da 250 suke. Wannan ya wadatar a ɗaki mai labule a Turai, inda aka fara amfani da su. Shagon da ƙofarsa ke buɗe ga titi a watan Afrilu, ko rumfar mai turi a kasuwa, ko gaɓar ruwa inda rana ke dukan kogi tana dawowa ido, wani abu ne daban. A irin wuraren nan 300 shi ne mafari, kuma mai aiki a waje cikin inuwa zai so 400. Tsohon sikirin ma ba ya kai hasken da ya fito da shi, domin fitilarsa tana raguwa da shekaru. Yayin tach da ake yi yanzu, mai naɗewa ya zama kamar allo, ƙara dagula lamarin yake yi: yawancinsu gilashi ne mai sheƙi, da hantsi ba abin da za ka gani a ciki sai hularka da babur ɗin da ke wucewa a bayanka. Mara sheƙi ba shi da kwarjini a hoton dillali, amma shi ake iya karantawa.

Masu zana katin biki da fosta, da masu gyara hotunan bikin Rigata, suna da ƙarin damuwa ta launi. Sikirin da aka rubuta masa kashi 45 na ma'aunin launi na NTSC ba ya nuna launuka cikakku, sai mai zane ya yi ta ƙara ja don ya ga ja, in an buga a takarda ashobin amarya ya fito wani iri.

Za a ce kuɗi ne ke magana, kuma inji mai sauri ya fi. Gaskiya ne cewa wanda zai koyi bugu ko ya yi atisayen jarrabawa a ɗaki, sikirin mai araha zai yi masa, kuma ban ga dalilin bin 4K a fuska mai inci 14 ba. Amma a irin waɗannan laftof ɗin ofis, RAM da SSD duk mai gyara zai ƙara su cikin minti kaɗan ranar da aljihu ya yi nauyi. Sauya sikirin sai an nemo wanda ya dace da wayarsa da mazauninsa, sau da yawa daga Kano ko Legas, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Don haka in dole a rage wani abu, a rage wanda ake iya ƙarawa gobe. Wasu kuma za su ce a haɗa ta da babban sikirin na tebur. Wannan sai da wuta, kuma duk da madatsar Kainji tana nan kusa tun 1968, kowa ya san don batir ake sayen laftof a ƙasar nan. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce haske yana shan batir. Haka ne, sai dai mai haske ana iya rage shi da dare, mai duhu kuwa ko an ƙure shi iyakarsa ke nan, kuma dama a ƙure yake wuni.

Gwajin bai kai minti biyar ba. A ƙure haske a fita da laftof ɗin bakin ƙofa. A buɗe farin shafi a nemi tabon da matsi a cikin jaka ke bari da ɗigon da ya mutu, sannan baƙin shafi a ga ko haske na yoyo ta gefe. A motsa murfin gaba da baya. A shiga saitin Windows a karanta yawan ɗigon da ido, kada a dogara da takardar da aka manna. Wanda Kano ta yi masa nisa, ya nemi dillali ya yi duk wannan a kiran bidiyo, a wajen shago ba ƙarƙashin fitilarsa ba, kuma a yi sharaɗin mayarwa kafin kuɗi su fita daga asusu.