Zuwan Turawa a Cikin Littattafai: Abin da Aka Faɗa da Abin da Aka Bari Game da Kudancin Katsina

Duk wanda ya karanta abin da aka rubuta da Hausa a kan zuwan Turawa, zai ga galibin marubuta sun ɗauke shi a kan labarin yaƙi ne. Ana ambaton faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, da ta Sakkwato a watan Maris, sa'an nan a rufe da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yuli. Amma fa akwai ƙasashen da ba a ɗaura yaƙi a cikinsu ba. Katsina ba ta yi karo da sojan Lugga ba, saboda haka manomin Maska ko na Malumfashi bai ga sabon mulki a bakin igwa ba. A bakin sikeli ya gan shi, da takardar haraji. Abin tambaya shi ne, ina wannan manomi a cikin littattafan da ake koyarwa?

Littafin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne Ganɗoki, na Malam Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. A cikin biyar ɗin, shi ne ya tunkari yaƙin Turawa gaba da gaba. Kashin farko na littafin tarihi ne aka saka wa rigar ƙage: jarumin yana cikin mayaƙan Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka kora daga Kwantagora a 1901, suka kama shi a 1902 a arewacin ƙasar Zazzau, ba nisa da iyakar Katsina. A nan alƙalamin marubucin yana da ƙarfi ainun. Kirari yana bin kirari, jimloli gajeru suna bin juna kamar sukuwar doki, mai karatu kuwa yana jin ƙurar fage.

Da aka ci Musulmi, sai littafin ya sake hanya. Ganɗoki ya nufi gabas, ya shiga duniyar aljannu da sarakunan da ba su cikin tarihin kowa, yana cin nasara ko'ina ya sa gaba. Daga baya ya komo gida ya tarar ƙasa ta zauna ƙarƙashin sabon mulki. Waɗansu masu nazari suna ɗaukar wannan juyi a kan rauni ne na tsari, watau marubucin ya haɗa labari biyu da ba su dace ba. Lalle akwai ɗinki a wurin, ana kuwa ganin zarensa. Amma ya kamata a tuna ko wane ne ya rubuta, kuma don wa. Malami ne a Kwalejin Katsina, wanda aka haifa kafin zuwan Turawa, yana kuma miƙa rubutunsa ga hukumar da Turawan suka kafa. Ba shi da damar ba jaruminsa nasara a kan Turawa, don tarihi ya hana. Ba ya kuma son ya bar shi a ƙasƙance. Sai ya fitar da shi daga tarihi ɗungum, ya kai shi inda takobi ke da sauran amfani. Wannan gudu zuwa ƙasar aljannu shi kansa shaida ne a kan abin da ba ya faɗuwa a 1934.

Sai dai akwai hasara a ciki. Shekarun da Ganɗoki ya yi yana yawo a gabas, su ne shekarun da aka kafa mulkin a gida, littafin kuwa ya tsallake su. A cikinsu ne aka mai da haraji na kuɗin Turawa, wuri ya daina ci. Kamfanin auduga na Ingila, wanda aka kafa a Mancesta a 1902 don ya samar wa masaƙun Lankasha kaɗa, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Aka shigo da irin auduga na Amurka, aka buɗe gonar gwaji a Daudawa don yaɗa shi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta kai Gusau. Funtuwa ta bunƙasa, Maska tsohon gari ta koma baya. Manomin da dā yake sayar wa masaƙan gida kaɗarsa, sau da yawa da tsadar da ta fi ta kamfani, sai ya zama yana jiran ranar buɗe kasuwa, da kuɗin da wani ya yanke a wata ƙasa, ga mai karɓar haraji a ƙofa. Wannan ma yaƙi ne, amma ba shi da kirari.

In an juya ga abin da Turawa suka rubuta, sai a tarar da giɓin ta wata fuska. Joyce Cary ya yi aikin mulki a ƙasar Bargu, ya kuma fitar da littafinsa Mister Johnson a 1939. Shi ya san aikin ofis, ya san hanya da kasafin kuɗi, abin da Ganɗoki ya tsallake ke nan. Labarinsa na wani akawu ne ɗan Kudu, da wani jami'in mulki, Rudbeck, wanda ya ƙwallafa rai ga gina hanyar mota, har aka murɗa lissafin baitulmali dominta. Cary bai ɓoye cewa hanyar ta kawo ɓarna tare da ciniki ba, wannan kuwa abin yabo ne. Amma talakawan da suka sare dajin taro ne kawai a wurinsa, masu waƙa da rawa, ba mai suna, ba mai ra'ayi. Irin wannan hoto yana cikin abin da ya zuga Chinua Achebe ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958.

Muryar da ta fi kusa da ƙasar da ake magana ta fito ne daga bakin wata tsohuwa. A Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. A wurin Baba, mayaƙan Sarkin Sudan, waɗanda Ganɗoki ke alfahari da su, mahara ne masu kama mutane. Zuwan Turawa kuwa yana nufin harin bayi ya ƙare, bayin gandu sun watse, masu gandu sun rasa hannuwa. Idan an ajiye littattafan nan biyu gefe da gefe, za a ga jarumin wani shi ne dodon wani.

Ko kalmomin da aka yi amfani da su suna da abin koyarwa. Malaman da suka yi waƙoƙin ajami a farkon al'amarin, irin su Alhaji Umaru na Salaga, Nasara suke cewa, don sun auna abin da ma'aunin addini. Littattafan boko na shekarun 1930 sun fi son Turawa, kalmar da ba ta ɗauke da hukunci. Mulkin mallaka kuwa sai a zamanin siyasa ya kama bakin mutane, sa'ad da aka fara kallon abin a kan ƙwace ƙasa da dukiya. Talaka shi ma ya raɗa nasa suna: ɗiban gwamna, ga kwasar mutane da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace kalma tana nuna inda mai faɗinta yake tsaye.

Saboda haka malamin da ke koyar da Ganɗoki a kwalejin horon malamai bai kamata ya tsaya ga yaba zaƙin Hausarsa kaɗai ba, ko da yake ta cancanci yabo. Ya dace ya sa ɗalibai su lura da inda labarin ya yi tsalle, su tambayi abin da ke ƙarƙashin tsallen. Sa'an nan ya tura su ga waƙoƙin noma da na niƙa, da karin maganar da aka yi a kan haraji da awon kaɗa, da abin da jikoki suka riƙe daga bakin kakanninsu a Bakori da Danja da Ƙanƙara. A can ne rabin labarin da bai shiga littafi ba yake, kuma ba zai jira har abada ba.