Nazari a Kan Al'adar Gyaran Littafin Jagoran Unix

A ranar 3 ga Nuwamba, 1971, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da bugun farko na littafin jagoran tsarin sarrafa kwamfuta na Unix, bayan shugabansu Doug McIlroy ya nace musu a kan haka. Kuma ya yi daidai da ya nace, domin kayan aikin da ake sarrafawa da rubutaccen umarni ba shi da hoto ko maɓalli da zai shiryar da baƙo, ba shi da abin da zai yi magana a madadinsa face nassin da aka rubuta game da shi. Tsarin da suka aza shi ne ake bi har yau: kowane umarni da shafinsa, a fara da sunansa da ma'anarsa a layi ɗaya, a kawo sigar rubuta shi, a yi sharhi, a nuna makusantansa, kana a zo ga babin aibobi, inda mawallafi yake bayyana da kansa wuraren da aikinsa ya gaza. Wannan babi na ƙarshe yana daga cikin mafi kyawun ladubban da masu wannan fanni suka gada, kuma daga gare shi ne al'adar gyara ta sami asali, domin wanda ya yi iƙirari da naƙasar aikinsa ya riga ya buɗe wa mai gyara ƙofa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na tsufa, wato a sauya manhaja a manta da shafinta, sai ka tarar da nassi yana ambaton zaɓin da aka soke tun da daɗewa. Wannan ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya fi shi dabara shi ne irin abin da malamanmu na da suke kira tas'hifi, inda sauyin ɗigo ke mai da harafin ba ya koma ta, ma'ana ta juye alhali shafi yana nan tsaf a ido. Irinsa yakan faru a nan, domin ana rubuta waɗannan shafuffuka da harshen tsara rubutu na roff, wanda ya bambanta ƙaramin karan haɗa kalmomi da alamar ɗebewa da ake sawa a gaban zaɓi. Marubuta da yawa sun yi shekaru suna cuɗanya su ba tare da an lura ba, har manhajar groff 1.23.0, mai fassara roff, ta fito a 2023 ta daina rufa musu asiri. Sai ga mutum ya kwafi umarni daga shafi kamar yadda yake, ya ɗora, kwamfuta ta ƙi karɓa, shi kuwa bai ga inda ya yi laifi ba. Masu Debian sun yi muhawara a kai, suka mai da tsohon hali a nasu tsarin don sauƙaƙa wa jama'a.

Amma mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce: idan nassi ya ce kaza, manhaja ta aikata akasinsa, wanne ne mai kuskure? Mai gaggawa zai ce ai aiki shi ne haƙiƙa, a gyara rubutu ya bi shi. Ban yarda da wannan a matsayin ƙa'ida gamammiya ba. Shafin jagora alkawari ne da mawallafi ya ɗauka wa duk wanda zai dogara da shi, kuma idan abin da ke rubuce ya dace da mizanin POSIX, wanda tsare-tsare masu yawa suka yi ittifaƙi a kansa, to manhajar ce ta saɓa, ita za a gyara. Idan kuwa jama'a sun daɗe suna gina ayyukansu a kan halin da manhajar take ciki, ta yadda sauya ta zai jawo ɓarnar da ta fi maslaha, sai a gyara nassi, a kuma faɗi saɓanin a fili. Dubi umarnin df, mai nuna sauran wuri a faifai: POSIX ya ce a ƙirga da ma'aunin bayit 512, na GNU kuwa yana ƙirgawa da 1024 sai in an buƙaci ya bi mizanin. Shafin da ya yi shiru a kan wannan bai faɗi ƙarya ba, amma ya bar mai karatu da lissafin da zai iya ninkuwa ko ya rabu biyu bai sani ba.

Saboda haka gyara na gaskiya ba ya tsayuwa sai da hujja. Mai gyara yakan gwada umarnin da hannunsa, ya karanta tushen manhajar, ya bi tarihin sauye-sauye har ya kai ga ranar da saɓanin ya shigo, sa'an nan ya aika da ɗan faci mai magance mas'ala guda, tare da dalilinsa a taƙaice, zuwa ga ainihin mai kula da manhajar, don gyaran ya game kowa. An ƙirƙiro na'urorin taimako, kamar help2man na GNU, mai haɗa shafi daga bayanin da manhajar take bayarwa da kanta, da mandoc, mai tsamo kurakuran tsari. Sai dai dukansu suna duba sura ne, ba sa sanin ko jumla ta faɗi gaskiya. Mutanen OpenBSD ne suka fi burge ni a nan, domin suna ɗaukar kuskuren shafi da nauyi ɗaya da kuskuren manhaja.

Ina kira ga ɗalibanmu masu koyon wannan fanni, waɗanda sau da yawa kunya ke hana su sa hannu a manyan ayyuka, cewa idan ɗayanku ya ga saɓani tsakanin nassi da aiki, kada ya wuce shi. Ya gwada, ya tabbatar, ya rubuta wa mai kula da manhajar cikin ladabi tare da hujjarsa.