A rage ƙirji, a koma kan cinya

A shekarun baya, idan koci ya kama ɗan wasansa yana ɗaga ƙarfe, faɗa zai rufe shi da shi: "Za ka yi nauyi, gudunka ya mutu." Yanzu abin ya juya. Unguwanni da yawa suna da lungun da samari ke taruwa bayan la'asar, an cika gwangwanaye biyu da siminti an soka bututu a tsakani, kuma cikin masu jiran layi akwai 'yan ƙwallo da dama. Na yi murna da wannan sauyi. Abin da ke damuna shi ne inda ake kai ƙarfen. Kullum ƙirji da ƙwanji, ƙafafun da za su yi aikin kuwa an bar su da zagayen fili.

Gudu ba yawan wutsil-wutsil da ƙafa ba ne. Tun a shekarar 2000 binciken Peter Weyand da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa mai gudu sosai da mai matsakaicin gudu kusan lokaci ɗaya suke ɗauka wajen juya ƙafa a iska. Bambancinsu yana wajen ƙarfin da suke danna ƙasa da shi a ɗan ƙiftawar da tafin ya taɓa ta. A 2004 kuma aka gwada 'yan wasa 17 na ƙungiyar Rosenborg ta ƙasar Norway, aka tarar waɗanda suka fi iya tsugunawa su miƙe da ƙarfe mai nauyi a kafaɗa su ne suka fi sauri a mita 10 da mita 30, su ne kuma suka fi tsalle.

Zafin nama ma daga nan yake fitowa, kuma rabinsa iya taka birki ne. A tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ya tsere wa ɗan baya ta gefen hagu, ya karya ciki, ya yanke mai tsaron gida, sannan ya daidaita tsayuwarsa kafin ya buga. Kowa gudun yake yabawa, amma ni karyawar nan da tsayuwar suka fi burge ni, domin cinya da ƙugu ne suka shanye duk saurin cikin taku biyu ko uku. Ahmed Musa kuwa ba mai faɗin ƙirji ba ne.

Akwai wani atisaye da nake fata kowane koci ya sa a gaba, wanda ba ya cin ko sisi. Ɗan wasa ya durƙusa a kan tabarma ko ciyawa, abokinsa ya danne masa idon sawu biyu, shi kuma ya riƙa sulalowa gaba a hankali, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, yana hana kansa faɗuwa da tsokar bayan cinya har sai ta gaza, ya tare ƙasa da tafin hannu. Nordic ake ce masa. Na farko da na biyu sai ka ga fuskar yaro ta yamutse, cinyar tana rawa. A Denmark an gwada shi a kan 'yan wasa 942, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna ciwon bayan cinya ya ragu da fiye da rabi. Wannan ciwo ne da ke kama mutum yana tsakiyar gudu, ka ga ya dafe cinya ya tsaya, kuma ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na raunukan manyan ƙungiyoyin Turai a 'yan shekarun nan. Kada a ce sai Turawa. A Legas an gwada tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda wannan atisaye ke cikinsa, a kan matasa 'yan shekara 14 zuwa 19, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin ɗari. Minti 20 kacal tsarin yake ci.

Tsoron tsofaffin kociyoyinmu yana da tushe. Wanda ya bi tsarin masu gina jiki don ado, yana maimaita ɗagawa har hannu ya mutu, zai tara naman da zai riƙa ɗauka minti 90 ba tare da ya ƙara masa taku ɗaya ba. Mafi muni su ne ƙwayoyi da allurai na kumbura tsoka da wasu ke sayarwa a ɓoye. Suna lalata hanta da zuciya, kuma yaron da aka kama da su a gwaji ya rasa damar da ya yi shekaru yana nema.

Abin da ɗan ƙwallo ke buƙata kaɗan ne: tsugunawa da nauyi, tsugunawa da ƙafa ɗaya, tsalle da iya sauka, sai gajeren gudu da dukkan ƙarfi, da hutu sosai a tsakani. Sau biyu a mako ya isa, ban da jajibirin wasa. Ƙananan yara su fara da nauyin jikinsu, babba yana tsaye yana gyara musu gwiwa kada ta karkata ciki. A kuma tambayi yaro ko ya ci abinci kafin a ɗora masa ƙarfe, domin da yawa da ɗan kokon safe suke zuwa fili. Makon farko cinya za ta yi tsami har hawa mataki ya yi wuya, shi ya sa ya fi kyau a fara tun lokacin hutun kaka, kafin a shiga gasa.