Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Alƙalanci da Gasar Ƙwallon Ghana

Duk ranar Litinin da safe, kafin in gama gaida masu sauraro, layukan wayar ɗakin shirinmu sun riga sun cika. Shekaru ke nan ina gabatar da shirin wasanni da Hausa a Kumasi, kuma ƙalilan ne cikin masu kira ke maganar yadda aka taka leda. Sauran duk kan alƙalin wasa suke sauka. Akwai wani dattijo da ke kiranmu daga Aboabo, wanda ya fara shiga filin ƙwallo tun ba a haife ni ba. Wata rana ya ce da ni: "Ɗana, ni ban ce alƙali ba zai yi kuskure ba, ɗan Adam ne. Tambayata ita ce, mudun da aka auna mana da shi Lahadin da ta wuce, ina aka kai shi wannan Lahadin?" Na ce, "Baba, ka ba ni lokaci in nemo maka amsa." Wannan rubutu shi ne abin da na samo.

Da farko a cire zargin da ake yi wa 'yan kallo cewa ba sa son doka in ta faɗo kansu. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a Johannesburg, Luis Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon da Dominic Adiyiah ya sa wa kai tana shirin shiga raga. Alƙali ya ba shi jan kati, ya ba Ghana fenareti, Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfen sama. Babu gidan da ba a yi baƙin ciki ba a zango a daren nan. An tsine wa Suárez, an yi wa Gyan gunaguni, amma ban ji wanda ya ce a nemo alƙali a doke shi ba, domin kowa ya ga an zartar da abin da doka ta ce. Mai kallo yana iya haɗiye rashin nasara komai ɗacinta. Abin da ke tsaya masa a maƙogwaro shi ne ya ga laifi iri ɗaya, hukunci iri biyu.

Wanda ke bin gasar Firimiya ta Ghana ya san abin da nake nufi. Ƙwallo ta taɓa hannun mai tsaron baya na baƙi, sai ka ji usur, fenareti. Mako mai zuwa irin wannan taɓawar ta faru a ragar masu gida, alƙali ya miƙa hannu ya ce a ci gaba. A nuna ƙarin minti huɗu, a yi ta wasa har sai masu gida sun farke, sannan a tashi. Shi ya sa magoya baya suke lissafin wasan waje a matsayin asara tun kafin mota ta tashi, su kuma ce in an zo gidansu za su rama. Wannan tunani na ramuwa ya fi kowane kuskuren alƙali illa, domin ya mai da zalunci wani abu da ake bi layi, kowa yana jiran ranarsa.

A yi wa alƙalai adalci. Dokar taɓa ƙwallo da hannu kanta ba ta zauna wuri guda ba. Hukumar IFAB mai rubuta dokokin wasa ta tsaurara ta a 2019, har ƙwallon da aka ci bayan taɓawar da ba da gangan ba ta zama haramtacciya, sannan a 2021 ta sassauta wani ɓangare nata. Mai kallo da yawa yana hukunci ne da dokar bara waccan. Ga kuma yanayin aikin. Ƙungiyoyi 18 ne a gasar, wasa tara kowane mako, 306 a kaka guda. Mutum ya kwana a mota zuwa Dormaa ko Bechem ko Samreboi, ya shiga filin da tsakaninsa da fusatattun 'yan kallo waya ce kawai, 'yan sanda ba su taka kara sun karya ba, ga shi an sha jin alƙalai suna kukan bashin alawus. Irin wannan mutum ko ba a ba shi ko kwabo ba, tsoro kaɗai ya isa ya karkata masa usur. To wa ya tura shi can ba kariya? Nan ne maganar ta bar kan alƙali ta koma kan masu gudanar da gasa.

Dubi labarin Joseph Lamptey. Ranar 12 ga Nuwamba, 2016, a Polokwane, a wasan neman gurbin Kofin Duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, wannan alƙali ɗan ƙasarmu ya ba da fenareti wai Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali duniya ta ga a ƙafa ƙwallon ta same shi. Afirka ta Kudu ta ci 2-1. Hukumar CAF ta dakatar da shi na wata uku. FIFA kuwa, bayan ta duba yadda kuɗin caca suka yi ta motsi a kan wasan, ta haramta masa alƙalanci har abada a watan Maris na 2017, ta sa aka sake wasan a Nuwamba, Senegal ta ci 2-0 ta wuce Rasha. Wasa ɗaya, hukuma biyu, wata ta ga laifin wata uku, wata ta ga na rai da rai. Kuma hukuncin a kan alƙali shi kaɗai ya tsaya. In an murɗe wasa don caca, ai akwai wanda ya kwashi riba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar 6 ga Yuni, 2018, aka nuna fim ɗin binciken Anas Aremeyaw Anas mai suna Number 12 a Accra. Mutane suka ga alƙalai da idonsu suna karɓar kuɗi, suka ga shugaban hukumar ƙwallon ƙasa na lokacin, Kwesi Nyantakyi, shi ma a ciki. Ya sauka daga muƙaminsa, FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, daga baya kotun wasanni ta CAS ta mai da hukuncin shekara 15. An dakatar da gomomin alƙalai, gasa ta tsaya cak a tsakiyar kaka, FIFA ta naɗa kwamitin riƙo, ba a dawo da gasar sosai ba sai Disamba 2019. Akwai masu sukar salon Anas na ɗana tarko, kuma suna da hujjarsu. Sai dai ga mai kallo, fim ɗin ya tabbatar masa da abin da ya daɗe yana ihu a kai ana ce masa son rai ne. Daga ranar nan duk kuskuren da alƙali ya yi, ko na gaskiya ne, da idon Number 12 ake kallonsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sababbin shugabanni sun gaji wannan bashi na amana, kuma hanyar biyansa ɗaya ce: a riƙa yin komai a fili, a kan lokaci.

Gwajin farko bai yi nisa ba. A wasan ƙarshe na kaka, cikin Yuli 2021, AshantiGold ta lallasa Inter Allies 7-0 a Obuasi. Biyu daga cikin ƙwallayen nan ɗan wasan baya na Inter Allies, Hashmin Musah, shi ya zura su a ragarsu da gangan, ya kuma fito ya ce ya yi ne don ya ɓata sakamakon da ya ji an shirya saboda caca. Bidiyon ya zagaya duniya cikin kwana guda. Hukunci kuwa sai Mayu 2022 ya fito, wata goma ke nan, lokacin da AshantiGold ta kusa kammala wata sabuwar kaka a cikin gasar. Aka mai da ƙungiyoyin biyu rukuni na ƙasa, aka dakatar da shugabanni da 'yan wasa. Bayan haka kuma CAS ta soke dakatarwar da aka yi wa 'yan wasa da yawa. Ka tsaya a matsayin mai goyon bayan wata ƙungiya da ta yi asarar maki a hannun AshantiGold a cikin waɗannan watanni goma. Me za a ce maka? Shari'a ta yi jinkiri, da ta zo kuma wani sashe nata bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Akwai kuma matsalar da ba a son a taɓo. Masu ƙungiyoyi su ne ke zaɓen shugabannin hukuma, daga cikinsu kuma shugabannin ke fitowa. A 2016 Wa All Stars ta ɗauki kofin gasar alhali mai ita shi ne shugaban hukumar. Kurt Okraku da aka zaɓa a Oktoba 2019 daga Dreams FC ya fito. Ban ce an yi wa waɗannan ƙungiyoyi alfarma ba, kuma bai halatta in faɗa ba. Abin da nake cewa shi ne, tsarin da ya bar alƙali yana busa wasan ƙungiyar da ke da alaƙa da masu iko a kan ci gabansa ya jefa shi cikin zargi ko da ya fi kowa gaskiya. Ita ma ƙungiyar an cuce ta, domin ko da guminta ta ci, sai a ce ba ta ci ba.

Kada wani ya ce ai wasa ne. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, Kotoko tana gaba da ci ɗaya, Ishmael Addo ya ci wa Hearts of Oak biyu a ƙarshen wasa. Magoya bayan Kotoko da suka ga kamar an cuce su suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofin da ba su wadatar ba. Mutum 126 suka rasu a turmutsutsun, da yawansu 'yan zangunanmu. Ina yaro a lokacin, amma ban manta da yadda manya suka kwana kunne a jikin rediyo ba. An gurfanar da jami'an 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Shekara 24 bayan haka, ranar 2 ga Fabrairu, 2025, aka daɓa wa wani mai goyon bayan Kotoko wuƙa har lahira a Nsoatre, aka dakatar da gasa na makonni. Alƙali bai kashe kowa ba a waɗannan ranaku biyu, kuma babu hukuncin usur da ya halatta zubar da jini. Amma filin da kowa ya shigo da yaƙinin za a cuce shi, busasshiyar ciyawa ce, ƙyastu ɗaya take jira.

Yanzu mu juyo kanmu, domin laifi tudu ne. Ranar 14 ga Nuwamba, 2021, a Cape Coast, alƙali ɗan Senegal Maguette Ndiaye ya ba Ghana fenareti bayan Daniel Amartey ya faɗi a wata 'yar taɓawa da har gobe ake gardama a kanta. André Ayew ya ci, muka fitar da Afirka ta Kudu, FIFA ta yi watsi da ƙorafinsu. Washegari a shirina babu wanda ya tambayi inda aka kai mudu, ni ma ban tambaya ba. Murna muka yi. Mu 'yan rediyo kuma muna da namu kason. Mukan yanke wa alƙali hukuncin cin hanci a kan iska daga bidiyon waya na daƙiƙa goma, mu bar mai kira ya ambaci sunansa da garinsu, saboda hayaniya tana jawo masu sauraro. Wanda bai iya cewa "wannan fenaretin da aka ba mu ba daidai ba ne" ya rage wa kansa bakin magana ranar da aka yi masa.

Wasu na cewa VAR ce magani. Su tambayi magoya bayan Wydad. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, 31 ga Mayu, 2019, a Tunisiya, an soke musu ƙwallo, suka nemi a duba na'ura aka ce ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa. Aka miƙa wa Espérance kofi, bayan kwanaki CAF ta ce a sake wasa, CAS ta rushe wannan umarni, kofi ya koma inda yake. Na'ura a hannun hukumar da ba ta tsayawa kan magana ɗaya ƙarin abin gardama ce kawai.

Abin da nake nema daga hukumar ƙwallon Ghana bai kai tsadar VAR ba. Tana da kwamitin bitar wasanni da kan dakatar da alƙalai. To a riƙa fitar da bitar kowane mako tare da bidiyo da dokar da aka dogara da ita, har da wuraren da alƙali ya yi daidai 'yan kallo suka zage shi a banza, a kuma fassara ta da Hausa da Twi da Ga mu karanta wa jama'a. A sa wa shari'ar murɗiya wa'adi, kada ta tsallaka cikin sabuwar kaka. A biya alƙali haƙƙinsa kafin ya hau mota. A miƙa naɗa alƙalai ga mutanen da ba su da ƙungiya a gasar. Filin da aka taɓa alƙali a rufe shi, na babbar ƙungiya ne ko na ƙarama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dattijon nan na Aboabo har yanzu yana zuwa filin Baba Yara, amma ya ce jikokinsa sun ƙi bin sa. Ranar Lahadi gidan kallo suke tafiya su ga wasan Ingila. Na ce masa, "Baba, ai can ma kullum rigimar alƙalai ake yi." Ya ce ya sani, amma can in an yi ɓarna wani lokaci hukuma takan fito ta amsa, har ta sa a ji muryar alƙalan. Baba, amsar tambayarka ke nan: mudun yana hannun masu kasuwa, kuma ba za su ajiye shi a fili ba sai mun nema da murya ɗaya, har da ranar da awon ya yi mana daɗi. Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, da fenaretin da aka ba ƙungiyar garinmu zan buɗe shiri.