Masallacin Babban Gwani a Cikin Keji

A Khajuraho da ke tsakiyar Indiya akwai wurin bautar Hindu mai suna Kandariya Mahadeva, wanda sarakunan Chandela suka gina wajen shekarar 1030. Ɗaruruwan gumaka aka sassaƙa a jikin dutsensa, har mai kallo ba ya iya nuna inda bango ya ƙare ado ya fara. Gumakan ba su dame mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne maginin da ya ƙi raba gini da ado, domin mu ma mun yi gwani irinsa, shi kuwa da laka ya yi aiki.

Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1834. Addini bai ba shi damar siffanta mai rai ba, sai ya mayar da ginshiƙin kansa abin sassaƙa. Ginshiƙan masu kauri ne daga ƙasa, an rarake jikinsu da zane mai zurfi. Daga kansu bakan gizo ke tashi, azara a ciki laka a waje, su tanƙwaro su haɗu su tallafi tulluwa. Idon masallaci yana bin layin nan daga ƙasa har ƙoli ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Abin da ke riƙe da rufin, shi ne kwalliyar ɗakin.

A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na ginin da sabon masallacin siminti. An cece shi daga damina, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ganinmu rabin aikin Gwani aka ceta. Ginin da aka tsara don ya tsaya a rana, inuwa ta riƙa yawo a kan tulluwarsa, yanzu yana zaune a cikin wani ɗaki kamar kayan ajiya.

Duk da haka Zazzagawa sun fi mu sa'a. A nan Sakkwato, masallacin Shehu da na Bello duk an sake gina su da siminti, ba mu da ginin farko da za mu auna da na Zariya. Bi hanyar Kwalkwalawa zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka duba ƙananan masallatan da ake tayarwa: bulo, kwano, sai koren fenti da aka shafa daga baya. Ga lakar fadama kuwa jibge a gefen hanya.