An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Turbo, Sensa da Al'adar Cire-cire a Garejojinmu

Mai karatu, idan kana da mota mai turbo, ko kana cikin samarin da ke tara kuɗi don a "ƙara wa mota wuta", akwai maganganu uku da za ka ji a gareji, daga Sabon Gari har Samaru. Ta farko: "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan, ai na ƙasar sanyi ne." Ta biyu: "Indomi ce ta toshe, a fasa ta mota ta sha iska." Ta uku: "Wannan wutar cek injin ba komai, haka suke zuwa." Yawanci da kyakkyawar niyya ake faɗinsu, amma duk ukun suna cin aljihunka, wani lokaci su ci injin baki ɗaya. Wannan al'ada ta cire-cire ita za mu duba yau, tare da ƙanwarta da ta zo daga baya, wato sauya duk abin da kwamfuta ta ambaci sunansa.

Me turbo yake yi?

Kafin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska giram 14.7. Ke nan ƙarfin inji ya dogara ne da yawan iskar da ya iya zuƙa. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya ta farko, ta biyu kuma tana danna iska cikin injin. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Sandar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, alhali injin kansa da ƙyar yake wuce 6,000. Hayaƙin da ke bugun ta yana kai zafin digiri 900. Abin da ya raba ta da ƙonewa kawai shi ne ɗan siririn baƙin mai da take shawagi a kansa.

To ƙara da yanayin Zariya. Muna kan tudu kusan mita 670 daga saman teku, don haka matsin iskarmu wajen kilofaskal 93 ne, na Legas kuwa wajen 101. Dole turbo ya ƙara gudu kafin ya tara iskar da zai tara a bakin teku. A watan Afrilu, idan ya ɗauki iska mai digiri 40 ya ninka matsinta, za ta fito da zafin wajen digiri 140, shi ya sa ake bi da ita ta intakula ta huce. Da hunturu kuma ga ƙura. Inji a wannan hali ya fi buƙatar idanunsa, su ne sensa-sensa: mai auna yawan iska, mai auna matsinta, mai auna zafin ruwa, mai shinshinar oksijin a salansa, da mai sauraron ƙwanƙwasar inji. Duk suna kai rahoto ga ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai kawo wuta.

Tamostat ba na ƙasar sanyi ba ne

An ƙera inji ya yi aiki a zafin wajen digiri 90. Tamostat ƙofa ce: tana rufe idan ruwa na da sanyi, ta buɗe idan ya kai tsakanin 80 da 90. Ka ga a ranar zafi ai a buɗe take, cire ta ba abin da zai ƙara. Hasali ma a injuna da yawa ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, don haka idan babu ita mota na iya ƙara zafi a cunkoson Kwangila.

Ɓarnar ta fi yawa da sanyin safiya. Ka hau hanyar Kaduna a watan Janairu ba tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye, ruwa ba zai yi zafi ba. Sensa za ta faɗi gaskiya: inji na da sanyi. Birenbos za ta yi ta ƙara fetur. Rarar man nan tana wanke bangon silinda, ta sauka ta tsinka baƙin mai, kuma wannan tsinkakken man shi zai je wa sandar turbo. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya san darajar lita ɗaya. Abin da ke sa mota zafi tun farko kuwa yana nan ba a taɓa shi ba: lagireto da ruwan rijiya ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fanka da ta gaji.

Indomi

Abin da ake kira indomi wata saƙa ce mai ramuka kamar ta zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinta mayar da gubar hayaƙi, musamman kabon monoksaid, zuwa iska mai sauƙin illa. Takan toshe, wannan gaskiya ne. Amma me ya toshe ta? Galibi fulogi ne ko koyil ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur ya je ya kama wuta a cikinta ta narke, ko kuma injin na shan baƙin mai. An fasa ta, ciwon yana nan. Kada kuma ka manta tana da kasuwa, akwai masu saye saboda ƙarafan nan. Duk wanda ya ce maka taka ta mutu, ka nemi ya nuna maka yadda ya gane, kuma a ba ka abarka a hannu.

A mota mai turbo, cire ta yana sa turbo ya ɗan yi saurin tashi, wannan ma gaskiya ne. Sai dai matsi na iya zarce iyaka, birenbos ta rubuta P0234 ta rage maka ƙarfi. Sensa ta bayan indomi kuma za ta kunna wuta da lambar P0420, wutar ta zauna daram. Daga ranar, duk sabon ciwon da ya zo ba za ka gan shi ba, don fitilar da za ta gaya maka ta riga ta zama kwalliya. Hayaƙin kuwa, kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi. Mai shayi da ke bakin titi, da yaran da ka ɗauko daga makaranta, su za su shaƙa.

"Kwamfuta ta ce"

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano tana iya magana da na'urar gwaji. Ci gaba ne. Matsalar ita ce yadda ake karanta amsar.

Ɗauki P0171. Ma'anarta iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sensar oksijin ce ta kawo labari, sai a cire ta a sa wata. Kamar a ce ma'aunin zafi ya nuna yaro na da zazzaɓi, sai a sayo sabon ma'auni. Mai laifin na iya zama tiyo da ya tsage, ko famfon mai da ya yi sanyi, ko ƙura da ta rufe sensar iska. Haka P0299, wato matsin turbo bai kai ba. Sau da yawa kilif ne ya kwance ko tiyon intakula ya fashe, iskar da aka riga aka auna ta zube a hanya, mota ta yi baƙin hayaƙi ta rasa ƙarfi. Sai ka ji an ce, "Oga, turbo ya tafi." A sayo na Baljiyam da kuɗi masu yawa, a ɗaura, ciwo na nan.

Alhali gwajin ba shi da wuya. A kunna makulli ba a tayar da inji ba: sensar matsi ya kamata ta nuna wajen 93 a Zariya, idan ta nuna 70 ko 110 to ita ko wayarta ce. Tsohuwar samfurin sensar oksijin, idan inji ya yi zafi, tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, idan ta tsaya cak akwai magana. A hura iska cikin tiyoyi a yayyafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Wanda kuwa ya karɓi kuɗinka ya goge lamba kawai, wutar za ta dawo kafin ka gama zagayen mako.

Masu neman wuta

Wasan mota a bukukuwa ya samu gindin zama a biranen Arewa, kuma tsofaffin BMW da Marsandi su ke shan wahalarsa. Haɗarin yin sa a titin jama'a magana ce ta daban. A nan lissafi za mu yi. Idan ka ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba, ko ka ɗaure bawul ɗin da ke rage matsi har ka ƙara rabin ba, ka ƙara iska kusan rabin abin da injin ya saba zuƙa. Dole fetur ma ya ƙaru da kusan rabi. Nozul da famfon da suka zo da motar ba lallai su iya ba. Mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, sai cakudar ta fara fashewa da kanta kafin wutar fulogi ta gama cin ta. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, ita ke fasa fistin ta karya ringi. Sensar da ke sauraron ta tana sa birenbos ta jinkirta wuta, amma iyawarta na da iyaka. Wanda ya yanke wayarta don wuta ta mutu, garin neman gira ya rasa ido.

Sai batun ingancin mai. Fetur na yau da kullum a Turai ma'aunin oktensa 95 ne, namu kuwa ƙa'ida 91 ta nema, kuma kala ɗaya ne a famfo. Manhajar ƙara ƙarfi da ake saukowa daga intanet a loda wa birenbos, yawancinta an tsara ta ne a kan mai 95 ko 98 da iska mai sanyi. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasa ya lalata motocin mutane. Duk mai gyaran da bai bar wa irin wannan rana sarari ba, caca yake da injinka. Kuma ba a saita inji mai turbo da kunne. Ana buƙatar sensar oksijin mai faɗin ma'auni, wadda za ta nuna cewa a cikakken totur cakudar tana wajen 12 ga 1.

Har ƙarar nan ta "tsiii" da samari ke so tana da farashi: a motar da ke auna iska tun daga bakin shiga, bawul ɗin da ke furzar da iska waje yana zubar da abin da aka riga aka lissafa, sai mai ya yi yawa. Buɗaɗɗen iyakilina kuma, a ƙurar hunturu, yashi yake tura wa fankar da ke gudun 150,000.

Idan za a ɗaura sabon turbo

A fara gano abin da ya kashe tsohon. A juye baƙin mai da filta, a sa irin wanda kamfani ya rubuta, ba mai kauri don an ce muna ƙasar zafi ba. A wanke ko a sauya bututun da ke kai masa mai. A zuba mai a bakinsa kafin a tayar, a bar inji a silo na ɗan lokaci. Kada a shafa gam a mahaɗar mai, ɓarɓashinsa na toshe hanya. Bututun dawowar mai ya gangara ƙasa ba lanƙwasa. A wanke intakula. Kai kuma direba, idan ka taso daga Kano a guje, ka ba shi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Laifin wa?

Zai zama rashin adalci a ɗora wa makanikai komai. Manyansu sun koyi aiki ne a kan Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗa irinsu a Kaduna tun 1975, zamanin kafireto, lokacin da kunne da sukundireba suka wadatar, kuma sun riƙe ƙasar nan a kan taya shekara da shekaru. Jabun kaya sun cika kasuwa: wanda ya sa tamostat na jabu ya maƙale ya ƙona gaskit, ba zai so ya sake sa wani ba. Mai mota kuma zai biya kuɗin kaya ba gardama, amma a ce ya biya ladan awa biyu na bincike sai ya ce, "Me ka yi?" Muddin haka ne, canza kaya zai fi bincike riba.

Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962 da sashen injiniyan injuna. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, tana hanyar Basawa tun 1986. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Garin da ya tara waɗannan bai kamata a ce ana rufe fitilar cek injin da baƙin salatif a cikinsa ba. Ɗalibi ya san ma'anar lamba amma bai taɓa kwance turbo ba, maigidan gareji ya kwance ɗari amma ba wanda ya fassara masa lambar. Gajeren horo da Hausa ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA, da ɗan littafin lambobin da aka fi gani da gwajin kowacce, da tura ɗalibai gareji da mita a hannu, ba su fi ƙarfin kowa ba.

Kafin nan, mai karatu, kariyarka tambaya ce. Idan aka ce a cire ko a sauya wani abu, ka ce: "Malam, wace lamba ta fito? Me ka auna? Me ya kashe wannan ɗin?" Ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin a goge. Wanda ya amsa maka ukun nan, ka biya shi ladan bincikensa ba ciniki, ko da kilif ɗin naira ɗari biyar ya ɗaure.