A Bar Fure da Ganyensa

Tun da wayoyin hannu suka iya dusashe bayan hoto, masu ɗaukar hoton furanni suka samu abin yayi. Kamfanin Apple ne ya yayata dabarar da wayarsa iPhone 7 Plus a 2016, domin hoton fuskar mutum, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yanzu duk wanda ya ga fure sai ya kanga masa waya, furen ya fito tar, abin da ke bayansa ya narke ya zama hazo. A ƙara masa kala, a ɗora a Instagram ko Facebook. Kyau kam akwai shi. Amma wannan yayin yana damuna ƙwarai, domin yana raba tsiro da duk abin da za a gane shi da shi.

Mu ɗauki wuta-wuta. Furenta mai launin shunayya yana da ɗaukar ido, kuma idan aka dusashe bayanta sai ka ɗauka furen lambun gidan sarki ne. Manomi kuwa da ganinta gabansa ke faɗuwa. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take maƙale wa saiwar dawa ko gero tana tsotse ruwa da abincinsu, kafin ta leƙo waje ɓarna ta yi nisa. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran shuka. To, hoton wuta-wuta na gaskiya shi ne wanda ya haɗa da dawar da ta tsumbure a gefenta, ganyen dawar ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar an babbaka. Wanda ya goge dawar ya goge labarin gaba ɗaya.

Ba na cewa kusantar fure laifi ne. Wani Bajamushe mai ɗaukar hoto, Karl Blossfeldt, ya yi suna da littafin hotunansa na 1928, inda ya ɗauki tsirrai dab da dab a gaban fili marar komai. Sai dai shi kowace jijiya da kowane gashi na jikin tsiron sun fito raɗau, domin yana koya wa ɗalibansa a Balin su lura da ƙirar halitta. Waya kuwa hasashe take yi, sau da yawa ta cinye gefen ganye da siririn kara ta haɗa su da hazon.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan. Wanda ya saba neman fure mai sauƙin ɗauka ba zai ɗaga kai sama ba. Furen kuka fari ne, yana reto a doguwar igiya, da magariba yake buɗewa, jemagu su kwana suna shan zaƙinsa, kafin wata magaribar ya yi yaushi ya canza launi. Mutum nawa cikin masu shan miyar kuka kullum suka taɓa ganinsa? Gurjiya tana fitar da jan furenta lokacin hunturu, alhali ba ganye ko ɗaya a jikinta, kuma tsiraicin rassan nan shi ne rabin kyan hoton. Gawo ma sai an ja da baya: da damina yana tsaye ba ganye, gero na girma a gindinsa, da rani ya yi kore shar.

Ko manhajojin gane tsirrai irin su Pl@ntNet suna tambayar ko hoton na ganye ne, ko fure, ko 'ya'ya, ko ɓawo, domin fure kaɗai yakan rikitar. Furen kuɓewa da na auduga da na rama dangi ɗaya ne, sun yi kama sosai, ganye ne ke saurin raba gardama. Don haka idan ka gama ɗaukar na kusa, kashe dusashewar nan, ja da baya taku uku, ka ɗauki na biyu da ganye da kara da ƙasar da tsiron ya fito, ka rubuta sunansa da garin da watan a ƙarƙashi.